Sauri Daban, Gwaninta Daban

Duk wanda ya taɓa zura zare a kafar allura ya san cewa hannu ba motsi ɗaya yake yi ba. Yana zuwa gaba ko baya, dama ko hagu, sama ko ƙasa, sannan yana juyawa ta fuska uku. Hanyoyi shida ke nan, kuma ƙwaƙwalwa na haɗa su a lokaci guda ba tare da mun lura ba. Linzamin kwamfuta kuwa biyu kaɗai ya sani, tunda a kan tebur ake jan sa. Da aka fara ƙera na'urorin da ke karɓar dukkan shidan, domin masu zanen injuna da masu sarrafa mutum-mutumi, sai tambaya ta taso: yaya za a gane wadda ta fi dacewa da hannun ɗan Adam?

An daɗe agogo ne alƙali: na'urar da aka fi saurin gama aiki da ita, ita ce gwana. A shekarar 1998, Shumin Zhai da Paul Milgram suka fito da wani ma'auni daga binciken da aka yi a Jami'ar Toronto ta Kanada. Idan mutum ya ɗauki wata siffa a allon kwamfuta zai dasa ta a gurbinta, sai a gwada hanyar da ya bi da hanya mafi gajarta. Rarar da ke tsakani ita ce ɓarnar motsi, kuma ita ke nuna ƙarancin daidaituwar hannu.

Sun gwada na'urori biyu: ɗaya ana riƙe ta a iska kamar ƙwallo, ɗaya a kafe take, ana ɗan tura ta tana dawowa. Masu ta farkon sun riga gamawa, amma hanyarsu ta fi karkacewa. Masu ta biyun sun yi jinkiri, sai dai motsinsu ya fi tsari.

Abin da ya dame ni shi ne irin wannan hannun ne ke tuƙa jirgi marar matuƙi, shi ne kuma ke jan wuƙar tiyata ta hanyar na'ura. A cikin majiyyaci, kowace karkata tana iya zama rauni, ko da likita ya gama da wuri.

Mu ma malamai agogo muke kafa wa ɗalibai a jarrabawar aikin hannu, mu yaba wa wanda ya riga miƙewa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ya kamata takardar makinmu ta sami gurbin hanyar da ɗalibi ya bi, ba mintocin da ya ci kaɗai ba.