Zomo Ba Kayan Wasan Biki Ba Ne

A Amurka da Ingila, da zarar bikin Ista ya gabato sai kasuwar 'ya'yan zomo da 'yan tsaki ta buɗe, iyaye su saya wa yara saboda sun gan su gwanin sha'awa. Bayan 'yan makonni ɗoki ya wuce, a fara kai su gidajen da ke karɓar dabbobin da aka yasar. Zomon gida yakan yi shekara 8 zuwa 12 a raye, wato yaron da aka ba shi yana firamare zai iya gama sakandare zomon na nan yana jiran abinci. Haƙoransa ba sa daina tsiro, dole ya yini yana taunar busasshiyar ciyawa don su riƙa raguwa. In ya daina ci na yini guda, hanjinsa na iya tsayawa ya mutu. Ƙashin bayansa kuwa ba shi da ƙwari. Yaro ya sungume shi, ya yi zillo, sai ƙashin ya karye. Hatsarin bai tsaya ga dabbar kaɗai ba. A 1975 Amurka ta haramta sayar da 'ya'yan kunkuru waɗanda ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba, saboda ƙwayar cutar salmonela da ke jawo wa yara gudawa da zazzaɓi. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila ta hana sayar da dabba ga wanda bai kai shekara 16 ba, kuma hakan daidai ne, domin ɗawainiyar kiwo kan babba take komawa. Uban da ke niyyar ba ɗansa zomo ko tantabara goron Sallah, ya fara tanadar musu ɗaki da abinci da mai duba su kullum. In babu waɗannan, ya ɗinka masa sabuwar riga.