Kalangunmu Ba Na Tarbar Baƙi Kaɗai Ba Ne

Jama'ar Nima da Mamobi, tun 1992 ake bikin PANAFEST a Cape Coast, a 2011 aka fara Chale Wote a Jamestown, masu fasaha daga ƙasashe suna haɗuwa suna ƙulla hulɗa. To, ina rabonmu?

Dillali ya zo zango da baƙinsa, makaɗanmu su buga kalangu, a naɗi sautinsu, a sallame su da kuɗin mota. Sautin ya haye teku, sunan mai shi ya tsaya a Ankara. Wasu na cewa mu gode da aka gan mu. Mun ƙi. Wannan aikatau ne, kuma ko a shari'a ba a ɗaukar ma'aikaci sai an yanka ladansa.

Kakanninmu fataken goro sun haɗa Kano da Salaga, suna ciniki ido da ido. 'Ya'yanmu na VIP daga Nima suka fito, waƙarsu ta ratsa Najeriya.

Sharuɗɗanmu uku ne: yarjejeniya a rubuce, sunan makaɗi a kan aikinsa, da kwafin abin da aka naɗa. Kuma ƙungiyoyinmu su fara neman takwarorinsu na Kano da Maradi kafin su bi layin biza.