Mai kula da ma'aikata: duba hali, amma ka rubuta dalili

Ƴan uwa matasa, da yawa cikinmu da suka gama jami'a yanzu su ke riƙe da kujerar kula da ma'aikata, wadda muke ce ma RH, a ƙungiyoyin agaji, kamfanoni da asibitocin kuɗi. Da su nike magana yau.

Mu ce dokar cikin gida ta tanadi cewa wanda ya makara sau 3 cikin wata a miƙa mashi takardar neman bayani. To ga mutum biyu a Yamai sun makara sau 3 cikin Agusta. Ɗaya na da mota, gidanshi na Plateau, kwana ne kawai ya yi mashi daɗi. Ɗayar mai shara ce, daga Harobanda take fitowa, ta tsaya cikin ruwa tana jiran faba-faba kafin ta tsallako gada. In ka miƙa masu takarda iri ɗaya, ka bi doka, amma ni ban ga adalci ciki ba. Ko gwamnati, da ambaliyar 2024 ta yi ɓarna, ai ɗage komawa makaranta ta yi har ƙarshen Oktoba.

Ko kuma ma'aikaciya mijinta ya rasu, ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10, littafin kamfani kuwa kwanaki kaɗan ya sani na rasuwa. Mai hankali zai zauna da ita, ko da wakilinta, a duba: a haɗa mata hutun shekara, a ba ta aikin da za ta iya daga gida, ko hutu ba albashi amma gurbinta na jiran ta. Duk ɗaukar aikin da ya dace da ƙasar nan sai ya san da takaba, da azumi, da damana.

Sai dai a nan ne tsorona yake. Mun san ƙasarmu, mun san PAC: dangi, abokai da sanayya. "A duba halinshi" ita ce kalmar da ake buɗe ƙofar baya da ita. Ɗan ƙanen darakta ya yi sati bai zo ba, a ce yana da uzuri. Mai gadi ya kai ɗiyarshi asibiti rana guda, a yanke mashi albashi. Duk wanda ya taɓa aiki, ko na sitaj ne, ya ga irin wannan. Shi ya sa wasu abokaina ke cewa gara a bi takarda ido rufe, kowa ya sha daidai. Na fahimce su, amma ban yarda ba, don ido rufen ma kan talaka yake ƙarewa.

Akwai abin da ba ya shiga "duba hali" sam. Dokar aiki ta 2012 ta ba mai ciki hutun haihuwa sati 14. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42 tun farkon 2024. Rubuta ma'aikaci a CNSS wajibi ne. Waɗannan haƙƙi ne, patron ba ya da ikon cewa kamfani na cikin matsi, a yi haƙuri bana.

Abin da ya rage, wanda doka ta bar ma hankalinka, ga abin da nike nema: duk sassaucin da ka yi, ka rubuta shi, da dalilinshi, da ranar da ka yi shi. Kafin ka sa hannu ka tambayi kanka, in mai gadi ne ya zo da wannan uzurin, za ka ba shi? In amsar a'a ce, aje biron. Sirrin mutum, kamar ciwon da ke damun shi, ya tsaya cikin dosiyenshi. Amma irin uzurin da aka karɓa da abin da aka yanke, wakilan ma'aikata su samu damar gani, don wanda ya zo gobe da irin wannan matsala ya san abin da zai nema.