Korar Shugabannin Ƙungiya Ba Ta Zura Ƙwallo A Raga

A gidajen kallon ƙwallo na Illela, inda matasan garin ke zama benci ɗaya da 'yan uwansu na Birnin Ƙonni, da zarar ƙungiya ta sha kashi sau uku a jere hukuncin ɗaya ne: a kori shugabanni. Ganinmu shi ne wannan magani ya kan ƙara wa ciwon zafi.

A Disambar 2024 Manchester United ta rabu da daraktan wasanninta, Dan Ashworth, bayan wata biyar kacal. Ta ƙare kakar a mataki na 15. Can ma ke nan, inda albashi ba ya makara.

A gida abin ya fi muni, domin yawancin ƙungiyoyinmu mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta samu sabon shugaba a 2022 ana dab da ƙare kaka: Alhaji Ibrahim Galadima, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Gogewarsa ba ta hana ƙungiyar faɗawa rukuni na biyu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dalilin a fili yake. Ɗan wasa ba da gwamna ya yi ciniki ba, da shugaban ƙungiya ya yi. Shi ya yi masa alkawarin ragowar kuɗin sa hannu, shi ya san alawus na wasa nawa ake bin ƙungiya. Ranar da aka sallame shi, yaron da ya bar iyali a gida zai fara lissafi: wa zai biya ni? Za a ce ni yaron wancan ne? Mai irin wannan tunani ba ya sa ƙafa inda za ta karye. Wasu tun a sansani suke fara kiran wasu ƙungiyoyi.

Ba mu ce a bar wanda ya ci amana a kujera ba. A kore shi, ko ana tsakiyar kaka.

Amma muna kira ga gwamnatin Jihar Sakkwato, mai ƙungiyar Sokoto United, ta ba duk shugabannin da ta naɗa wa'adi a rubuce, ta bar sauyi sai ƙarshen kaka, kuma kafin sabon shugaba ya shiga filin wasa na Giginya a karanta wa 'yan wasa bashin da ya gada da ranar biyansa.