AWON IGIYA: KU DAINA SAYAR WA TALAKA FADAMA DA SUNAN FULOTI

Jama'a, duk mai bin hanyar Bichi, ko ta Ɗambatta, ko ta Minjibir ya ga abin da nake gani. Gonar da bara ka wuce gero ya fi ƙarfinka tsawo, bana turaku ne jere da jan fenti. An ja igiya, an yanka hamsin-hamsin, wani wurin ma ashirin da biyar a hamsin. Ban ce kar a yi gini ba. Kano ta cika, mutane sai sun samu wurin sa haƙarƙari. Abin da ke ci mini rai shi ne ba mai tambayar abin da ke ƙarƙashin ƙasar.

Kun lura da rani ake kai mutum ganin fili? Watan Maris ko Afrilu, ko'ina ƙeƙashe, fadama da jigawa duk kamanninsu ɗaya. Wani ɗan uwana haka aka yi masa. Ya tara kuɗin shekara shida ya saya, ya zuba bulo, ya tare da iyali. Agusta na zuwa ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakar ɗaki, masai ta cika ta dawo, bango ya jiƙe har gwiwa yana zubar da gishiri. Da ya je yana ƙorafi, wani dattijo a ƙauyen ya ce masa, "Ɗana, ai nan shinkafa muke yi tun muna yara." Dillali ya sani. Wanda ya sa hannu a takarda ya sani. Mai kuɗin kawai aka bari a duhu.

Wani wurin kuma kududdufi ne da aka haƙi ƙasar gini shekaru, aka cike shi da shara, aka yafa masa jar ƙasa. Ka ɗora fandisho a kan bola, sannan ka yi mamakin tsagewar bango?

To ga wadda ta fi wannan muni, don ita kashewa take yi. Masana tsafta suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Fuloti mai ƙafa hamsin bai wuce mita 15 ba. Ko ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, da ƙyar ka samu mita 21. Ina za ka samo talatin ɗin? Ko kai ka yi dabara ka kai taka masan can ƙurya, ta maƙwabcinka tana jingine da katangar da rijiyarka take. A ƙasa mai rairayi, da damina, in ruwan ƙasa ya taso, ba sai na faɗi abin da yara ke sha ba. Mun ga kwalarar 2021 a jihar nan, ba labari aka ba mu ba.

Wani zai ce ai sai a yi burtsatse. Malam, mafi yawan ƙasar Kano a kan dutse take zaune. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da 'yan tsage-tsage, ba wani teku ne a ƙasa ba. Shi ya sa wannan zai haƙa ya samu, na kusa da shi ya binne kuɗinsa a banza. Rijiyoyin da suka ishi ƙauye mai gida talatin, ta yaya za su ɗauki gida dubu? Ƙarshenta kowa ya koma jiran 'yan garuwa.

Kuma wace ƙasa muke binnewa da siminti? Ƙasar da kakanni suka raya da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni, ana nomanta duk shekara ba hutu. Har Bature Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin yadda take ciyar da wannan ɗimbin jama'a.

Dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasa a wuyan gwamna, filayen karkara kuma ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardarsu. KNUPDA ma tana nan. To ina suke lokacin da ake jan igiyar? Sai unguwa ta cika, sannan a zo da jan fenti a rubuta rusau a gidan wanda aka riga aka cuta.

Ba abu mai wuya nake nema ba. Kafin a yanka gona, a haƙa ramukan gwaji da damina a ga inda ruwa ya tsaya, a ware hanyar ruwa, a ware wurin burtsatsen unguwa nesa da masai. Dagaci ko mai unguwar da ya san fadama ce ya sa hannu, a tuhume shi tare da dillalin.

Kai kuma mai shirin saye, riƙe kuɗinka zuwa Agusta. Ka je washegarin ruwan sama, ba tare da dillali ba, ka leƙa rijiyar da ta fi kusa, ka nemi tsohon da ya noma wurin ka tambaye shi me yake shukawa.