Faifai ya tafi, wa zai adana mana fina-finanmu da waƙoƙinmu?

A ƙarshen Satumban 2023 kamfanin Netflix ya aika wa masu hulɗa da shi a Amurka faifan DVD na ƙarshe ta gidan waya, ya rufe sana'ar da ya fara da ita tun 1998. Ba a jima ba, a farkon 2024, manyan shagunan Best Buy suka kwashe faya-fayan fina-finai daga kantunansu. Mu nan gida babu wanda ya fitar da sanarwa. Wanda ya san Ƙofar Wambai da Bata a Kano lokacin da dillalai ke turereniya a ranar fitar sabon fim, ana ɗaure kwalaye zuwa Sakkwato da Maraɗi da Damagaram da Kumasi, ya san kasuwar faifai ta mutu tun kafin Turawa su yi jana'izar tasu. Wayar hannu da memori da shagunan masu tura fina-finai ne suka kashe ta.

Duk da haka gardama ba ta mutu ba. Har yanzu akwai furodusoshi da mawaƙa da ke cewa tunda faifai ya faɗi albarkar sana'a ta tafi, akwai kuma matasan da ke ganin masu wannan magana sun maƙale a jiya. Ra'ayin wannan jarida shi ne kasuwar faifai ba za ta dawo ba, kuma ba ma fatan ta dawo yadda take. Amma faifai ya yi wani aiki da ba a lura da shi ba sai da ya tafi, kuma har yau babu wanda ya karɓi wannan aikin.

Gaskiya ce a faɗa cewa zamanin faifai bai yi wa mai fasaha adalci ba. Furodusa ya zuba jarinsa, ya kai masta wurin ɗan kasuwa, ya zauna jiran kuɗin da za su zo a gutsure ko su maƙale. Kafin kwafin gaskiya ya isa Gusau, na ɓarayin fasaha ya riga shi. Faifan kansa mai araha ne, ya karce, ya tsaya cak a tsakiyar waƙa. Intanet ta buɗe ƙofar da dillali ya daɗe yana tsare da ita. Fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da aka fara sakawa a YouTube a 2020, da Labarina na Aminu Saira, sun sami masu kallo a Jidda da Khartum da Landan a daren da suka fita, abin da babu motar kaya da za ta iya yi. Yaron da ke da murya a Funtuwa ko Zariya yana iya sakin waƙarsa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Wannan ci gaba ne, babu ja.

To amma a dubi abin da mai kallo ya bayar a madadin wannan sauƙi. Wanda ya sayi faifan Sangaya ko Wasila ya mallake shi. Zai kalla, ya ba maƙwabci aro, ya sayar, ya bar wa 'ya'yansa. Wanda yake biyan kuɗin wata a manhaja bai mallaki komai ba, izinin kallo aka ba shi, kuma ana iya janye shi ba tare da an shawarce shi ba. Zanen aro ba ya rufe katara. A 2022 kamfanin Warner Bros. Discovery ya cire fina-finai da shirye-shirye da dama daga manhajarsa ta HBO Max don rage kashe kuɗi, Disney ma ya yi haka a Mayun 2023, wasu daga cikinsu ba a taɓa buga su a faifai ba. A Disamban 2023 Sony ya sanar da masu PlayStation cewa shirye-shiryen Discovery da suka biya kuɗi suka saya za su ɓace daga ma'ajiyarsu, sai da mutane suka yi ca sannan aka fasa. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa kamfanoni su bayyana wa mai biya cewa lasisi yake karɓa idan suka rubuta masa "saya". Mafi muni shi ne na shafin MySpace, wanda ya amsa a 2019 cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, wajen sauya ma'ajiya. Idan wannan ya sami mawaƙan ƙasashen da ke da lauyoyi da ɗakunan adana tarihi, me zai sami fim ɗin Hausa da kwafinsa ɗaya tilo ke kan tashar YouTube da za a iya rufewa ko a sace makullinta gobe?

Akwai kuma abin da masu irin wannan gardama a ƙasashen Turawa ba sa lissafawa, domin bai shafe su ba. Kallo ta intanet yana buƙatar data da sabis da caji. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni a haka. A irin wannan hali abin da ke cikin memorinka ko kan kantarka shi ne naka. Shi ya sa shagon mai tura fina-finai bai mutu ba, kuma ba zai mutu da wuri ba. Mai fim kuma, da ya kuɓuta daga dillalin Ƙofar Wambai, ya faɗa hannun wani dillalin da ba ya iya zuwa shagonsa ya yi ciniki: YouTube ke yanke abin da talla za ta biya, kuma kallon mutum a Najeriya ko Nijar ba ya kawo abin da na mutum a Amurka ke kawowa.

Babban abin da ya dame mu shi ne adanawa. Faifai da kaset, da duk aibinsu, sun warwatsa kwafi dubbai a gidajen mutane. In na wannan ya lalace, na wancan yana nan. Yawancin abin da matasa ke saurara yau a waya na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗanmaraya Jos, daga faya-fayan garmaho da kasa-kasan masu sha'awa da ma'ajiyar gidajen rediyo aka kwafo shi. Da ba a buga su a kan wani abu da hannu ke riƙewa ba, da babu abin da za a ɗora.

Labarin fim ɗin Shaihu Umar ya isa darasi. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano ainihin faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Shirya Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara su, aka nuna shi a bikin fina-finan Berlin a 2018. An ceto shi ne domin akwai abin da aka ajiye a wani ɗaki. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da ɗaruruwan fina-finan da suka biyo shi a kaset, suna kan zaren da zafi da damshi ke ci kullum, kuma na'urorin kunna su suna ƙarewa. Faifan VCD mai araha ma ba ya dawwama. Saboda haka ba cewa muke yi faifai ne mafita ba. Mafita ita ce kwafi mai kyau, fiye da ɗaya, a wurare daban-daban, a hannun wanda aka ɗora wa alhaki.

Hanyar yin haka ba sabuwa ba ce. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku. Fina-finan Hausa kuwa dole ne su bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa ko ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. A Mayun 2025 hukumar ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda ba a kawo mata su ta tace ba, wato tana da hannun da ya kai har YouTube. Muna kira gare ta da ta yi amfani da wannan hannun wajen adanawa kamar yadda take yi wajen tacewa: duk fim ɗin da aka ba lasisi a karɓi mastansa, a ajiye ɗaya a Kano, a aika ɗaya ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, tare da yarjejeniya a rubuce cewa haƙƙin mallaka yana nan ga mai shi, kamar yadda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanada. Ba tare da wannan tabbacin ba babu furodusan da zai miƙa mastansa, kuma yana da gaskiya.

Su ma ƙungiyoyin masu shirya fim da mawaƙa akwai nasu. Su nemi tsofaffin dillalai tun kafin su zubar da ragowar kwalayensu, su saye kasa-kasan, a mai da su na zamani da taimakon jami'o'i irin su Bayero, inda aka daɗe ana nazarin wannan masana'anta. Manhajojin gida kuma su ba mai kallo damar ya biya sau ɗaya ya sauke fim ya riƙe, a farashin da zai iya, kuma a jawo masu tura fina-finai cikin tsarin da lasisi, ta yadda wani kaso na kowane turi zai koma ga wanda ya zuba jarinsa.