Kunkuru ba kaza ba ne, a fitar da shi daga ɗakin kaji



Kwanan baya na je duba kajin wani ƙanina a wajen Tiga. Kaji masu ƙwai ne, ɗaki tsaf, abinci da ruwa komai daidai. Ina juyawa sai ga kunkuru a lungu, ya nutse cikin buntun shinkafa da kashin kaji. Na ce Malam, wannan fa? Ya ce ai Yaya an ce yana kare kaji daga kambun baka. Wannan magana na sha jin ta daga Bebeji har Doguwa. Ba zan yi gardama da kowa a kan abin da ya gada ba, amma ra'ayina shi ne: in za ka ajiye kunkuru, ka yi masa nasa wurin. Haɗa shi da kaji cutarwa ce ga shi kansa, ga kajin, ga kuma yaranka.

Dalili na farko, kunkuru da sauran dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella a hanjinsu ba tare da sun nuna wata alama ba. Tana fitowa ta kashinsa, kaji su tsattsaga, ta bi ƙwai, ta kai ga wanda ya ci. Yaro ya yi wasa da shi ya sa hannu a baki, sai zawo da zazzaɓi. Kai da kake kashe kuɗi kan rigakafi da maganin feshi, me ya sa za ka buɗe wa cuta ƙofa da hannunka?

Na biyu, abincin kaji bai dace da shi ba. Babban kunkurun da muke gani a gidaje ɗan yankin Sahel ne, ciyawa ce abincinsa. Abincin kaji masu ƙwai furotin ɗinsa ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, ya yi masa yawa, yana wahalar da ƙodarsa. Sannan a ɗakin kaji ba ya samun rana, alhali da hasken rana jikinsa ke sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. In ya rasa, ƙoƙon bayansa sai ya yi laushi ya karkace.

Masu kifi kuma, kada a rikita kunkuru da kififfiya. Ita ce ta ruwa, kuma tana cin 'ya'yan kifi. Shi kuwa bai iya iyo ba, in ya faɗa tafkin tarwaɗa nutsewa zai yi.

To ina za a sa shi? A waje, a kan ƙasa, ba kan siminti ba. Ka ware masa fili a bayan gida nesa da kaji, inda rana ke bugawa da safe kuma akwai inuwa da tsakar rana. Ka kewaye da bulo, kada ka yi amfani da raga, don in yana hango waje ba zai daina turawa ba. Ka zurfafa tushen ginin kamar rabin mita, domin gwanin haƙa ne. A daji ramin da yake yi yakan kai mita da yawa, a nan yake ɓuya daga zafin bazara. Ruwan sha a faranti marar zurfi. Abinci ciyawa da harawa, a riƙa ƙara ɗan ganyen zogale ko kabewa.

Mu nan kudancin Kano ruwanmu ya fi na arewa yawa. A watan Agusta raminsa na iya cika da ruwa, don haka ka zaɓi tudu, ka yi masa 'yar rumfa da ba ta yoyo. Da hunturu kuma, musamman wajen Tudun Wada da Doguwa inda sanyin dare ke da ƙarfi a Disamba da Janairu, ka shigar da shi busasshen ɗaki da daddare ka shimfiɗa masa harawa, tunda jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa.

Ƙarami shi ne ya fi buƙatar zama a ciki, saboda ɓera da gafiya da shaho da kwarkwasa. Akwatin katako mai faɗi da ƙasa a ciki ya wadatar, ba baho mai santsi ba, a riƙa fitar da shi shan hantsi kullum.

Kafin ka saya ka yi lissafi. Wannan ɗan ƙaramin da ke tafin hannunka zai iya haura kilo 50, ya rayu fiye da shekara 70. Broila sati shida zuwa takwas ka sallama, shi kuwa har jikoki za su iya gada. Kuma yawansa a daji yana raguwa sosai, har an saka shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. In ba ka da fili, ka haƙura da shi, ka zuba kuɗin a kajinka. In kuwa yana nan a ɗakin kajinka yanzu, yau ɗin nan ka fitar da shi, ka canja shimfiɗa, ka wanke mazubin ruwa da na abinci.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.